Daga Kibiya Zuwa Jami'a: Tarihin Tsanin da Ɗalibin Ƙauye Yake Hawa

Wanda bai samu damar sauraron shirin ba, ga shi a rubuce kamar yadda aka saba.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Da hutun Sallah na je gida, sai wani ƙanena, ɗan baffana, ya ja ni gefe. Yaron yana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar je-ka-ka-dawo a yankin Kibiya, kuma tun daga firamare shi yake zuwa na ɗaya. Ya ce min, "Yaya, don Allah ka faɗa min gaskiya. Mutum irina zai iya samun likitanci a BUK? Kuma ana ba irinmu sikolashif?"

Wallahi sai na yi shiru. Na so in ce masa ƙwarai kuwa, ka dage kawai. Amma na san zangon karatu biyu suka yi babu malamin Fiziks, kuma bai taɓa zama gaban kwamfuta na minti talatin ba. Sai na ce ya ba ni lokaci. To amsar ce wannan, kuma dole sai mun koma baya, don tsanin da yake shirin hawa an fara kafa shi sama da shekara ɗari da suka wuce.

Duk ɗan yankin nan yana alfahari da cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai. Rano ta Autan Bawo, wadda a labarin Bayajidda aka haɗa ta da Kano aka ce su ne sarakunan baba. Amma lokacin da Turawa suka zo da boko, Rano gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma duk wani babban abu a birni ake ajiye shi. A 1909 Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa cikin Kano. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A 1927 aka kafa makarantar da ta zama Midil ta Kano, wadda yanzu muke kira Kwalejin Rumfa.

Ku dubi yadda tsarin yake. Yaron ƙauye zai fara elemantare a garin hakimi. In ya yi fice, a tura shi Midil a birni. In ya sake yin fice a cikin 'yan lardi gaba ɗaya, sai Katsina. Kowane mataki ƙofarsa ta fi ta baya ƙunci, kuma kowane mataki yana ƙara nisa da gida. A lokacin ma iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi in aka ce hakimi yana neman yaran da za a kai boko. Kyauta ake karatun, har da ci da sha, amma mutane kaɗan ne ƙwarai suka bi ta ƙofar. Su Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk ta wannan siririyar hanya suka fito.

Sakamakon haka ya bayyana gab da samun 'yancin kai. A 1957 makarantun sakandare 18 ne a duk faɗin Arewa, alhali Kudu tana da 176. An buɗe kwalejin jami'a a Ibadan tun 1948, amma wa za ka tura in babu wanda ya gama sakandare? Gwamnatin Jihar Arewa tana da hukumar ba da sikolashif, tana neman 'yan Arewa ruwa a jallo don su riƙe aikin gwamnati. Kuɗin karatun yana nan. Yaran da suka cika sharaɗin karɓarsa ne suka yi ƙaranci. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 1967 aka ƙirƙiri jihar Kano, Audu Baƙo ya zama gwamna, aka shiga manyan ayyuka. Dam ɗin Tiga, wanda yake nan kusa da mu, an kammala shi a 1974, ruwansa ya mayar da su Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar noman rani. To amma su wa za su kula da dam? Su wa za su riƙe asibitoci? Injiniyoyi da likitoci da malaman kimiyya, mafi yawansu daga waje aka ɗauko su, wasu daga wasu jihohin, wasu daga Indiya da Pakistan da Masar. ABU ta gane matsalar da wuri, shi ya sa a 1970 ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, wato SBS, don ta gyara yaran da sakandare ta bari da giɓi.

A nan ne Kano ta yi wani abu da nake ganin ya kamata kowane matashi ya san labarinsa. A zamanin gwamnan soja Kanar Sani Bello, wasu manyan jami'an gwamnati, cikinsu akwai Alhaji Ado Gwaram da Dakta Ibrahim Ayagi, suka zauna suka dubi dalilin da ya sa 'yan jihar ba sa samun shiga karatun likitanci da injiniyanci. Suka ga cewa tun a sakandare ake yin asarar yaran. Ba ɗakin gwaje-gwaje, ba malamai, ba kayan aiki. Sai a 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu, aka yi musu hukuma tasu ta kansu.

Yadda abin yake aiki shi ne, idan yara sun gama aji biyu na sakandare a ko'ina cikin jihar, sai a yi musu jarrabawa. Waɗanda suka fi ƙoƙari a kwashe su zuwa makarantar kwana, su yi shekara uku suna karatun kimiyya zalla, da malamai da kayan aiki, a kan kuɗin gwamnati. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jigawa. Yau akwai kwalejin kimiyya ta 'yan mata a Garko, maƙwabciyar Kibiya.

An yi suka fa. Wasu sun ce ana fifita 'yan tsiraru a bar sauran, shugabannin makarantu kuma ba su ji daɗin a kwashe musu zaƙaƙuran ɗalibansu ba. Kuma sukar tana da tushe, don yaron da aka bari a baya shi ma ɗa ne. Amma ka shiga Asibitin Malam Aminu Kano ko tsangayar injiniyanci ta BUK ka tambayi manyan wurin inda suka yi sakandare, za ka ji sunan Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ya fi a ƙirga. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyuka irin namu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ma a kan waɗannan makarantu ya yi binciken digirinsa na uku.

Abin da mutanen 1977 suka gane shi ne, cancanta aba ce da ake ginawa. Yaro yana zuwa da kaifin ƙwaƙwalwa daga Allah, amma makin da zai ci a jarrabawa ya danganta da abin da aka zuba masa. Sai suka sauko ƙasan tsanin suka yi aiki a wurin.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1978, gwamnatin tarayya ta kafa JAMB. Kafin nan kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta, mutum ɗaya ya samu gurbi uku, wani ya rasa. Da JAMB ta zo, sai ƙofa ta zama ɗaya ga kowa. Tsarin mulkin 1979 kuma ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, wannan ta shafi yadda ake rabon guraben karatu. Tsarin da jami'o'in tarayya suke bi a yanzu shi ne: kashi 45 cikin 100 na masu maki mafi yawa ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da suke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Waɗannan jihohi 23 ne, wato duk jihohin Arewa 19, da Bayelsa da Ribas da Kuros Riba da Ebonyi. Kano tana ciki.

In ka ji haka sai ka ce ai ɗan Kano ya more. A BUK yana iya shiga ta ƙofar cancanta, yana iya shiga ta ƙofar yanki, yana iya shiga ta ƙofar jihohin da aka bari a baya. Gaskiya ne, kuma ina so ƙanena ya san yana da wannan damar. Amma ga inda gizo yake saƙar. A idon wannan lissafi, Kano abu ɗaya ce. Ƙananan hukumomi 44 ne a jihar, takwas ne suke cikin birni da kewaye. Yaron da ya yi makarantar kuɗi a Nassarawa, mai malamin lesin da kwamfuta a ɗaki, da yaron Tarai ko Rurum da yake karatu da fitilar waya bayan ya dawo daga gona, duk "ɗan Kano" ne sunansu a takarda. Kason da aka ware don a taimaki wanda aka bari a baya, wanda ya fi kowa gata a cikin jihar shi ya fi saurin kai hannu gare shi.

Wani zai ce ai jami'o'in jiha, irin ta Wudil da aka buɗe a 2001 da Northwest da aka buɗe a 2012, suna la'akari da ƙaramar hukuma. Haka ne. Amma da me ake gane ƙaramar hukumar mutum? Da takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a birni, ya yi duk karatunsa a birni, in kakansa ɗan Kibiya ne, takardar Kibiya zai kawo. Ba laifinsa ba ne, haƙƙinsa ne a doka. Sai dai takardar tana faɗin inda kakanka ya fito, ba ta faɗin ajin da ka zauna a ciki.

Daga nan kuma matakai suka yi ta ƙaruwa. A 2005 jami'o'i suka fara tasu tantancewar bayan JAMB. A 2013 aka fara jarrabawar da kwamfuta, zuwa 2015 aka daina ta takarda gaba ɗaya. A 2017 aka kawo tsarin CAPS, wanda ta intanet za ka ga an ba ka gurbi, kuma sai ka danna ka karɓa da kanka. Daga 2021 babu rajista sai da lambar NIN. Kowanne cikin waɗannan yana da dalilinsa, kuma sun rage maguɗi sosai. Amma kowanne ƙarin kuɗin mota ne ga wanda zai fito daga ƙauye, ya bi ta Bunkure ya ɓulla Karfi, yana neman kafe ko cibiyar jarrabawa. Kuma akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta, agogo yana tafiya.

Jarrabawar kanta maki 400 ce, darussa huɗu. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuma ba su cika kashi ɗaya cikin ɗari ba. A shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Kada wannan 150 ɗin ta ruɗe ku. Ita ce ƙofar gida, likitanci da haɗa magunguna da shari'a kuwa suna can cikin ƙuryar ɗaki, makinsu ya yi mata nisa sosai.

Yanzu sai rabi na biyu na tambayar yaron, wato sikolashif.

Mu da muka taso da finafinai muna ɗauka cewa in ka ci jarrabawa da kyau, wata jami'a za ta aiko maka da wasiƙa ta ce ka zo kyauta. Wannan tsarin Amurka ne, inda karatu yake da tsananin tsada, jami'o'i suke zawarcin haziƙan ɗalibai da rangwame. Namu tarihin daban ne. A nan gwamnati ce ta ɗauki nauyin jami'o'inta, jihohi kuma suna ba 'ya'yansu alawus ta hukumar tallafin karatu. Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 za su ba ka labarin tikitin abinci da alawus da yake isar mutum. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, abin ya zama suna kawai.

Na cancanta na gaske suna nan, amma ku lura da matakin da suke. Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, ya fi ƙarfi a digiri na biyu da na uku. Na kamfanonin mai da na sadarwa, galibi sai kana cikin jami'a, an ga makin shekararka ta farko ko ta biyu. A Kano, gwamnatin Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje a 2012, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da guraben 1,001 a 2023, kuma duka biyun na masu digiri ne da za su yi na biyu. Wanda ɗalibin da ya gama sakandare yake iya nema kai tsaye, wato na yarjejeniya tsakanin Najeriya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da daina shi. NELFUND da ta fara aiki a 2024 tana taimako, amma a sani bashi ne, ba kyauta ba.

Kun ga abin da nake nufi? Kusan duk ladan yana saman tsani. Ba na raina shi, na san mutanen da rayuwarsu ta canza ta dalilinsa. Amma kafin ka fita da digiri mai daraja ta ɗaya sai ka shiga jami'a, kafin ka shiga sai ka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyyarka, kafin ka same su sai an samu wanda ya koya maka. Mun koma inda Arewa take a shekarun 1950 ke nan, a ƙaramin sikeli: akwai abin ba wa wanda ya iso, amma daga wasu garuruwan masu isowar ƙalilan ne.

Wasu wuraren sun fuskanci irin wannan sun nemi dabara. A jihar Teksas ta Amurka, a 1997 aka yi doka cewa duk ɗalibin da ya fito cikin kashi goma na sama a makarantarsa, ko wace iri ce makarantar, yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. Ma'ana ana auna yaro da waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi, suka sha wahala iri ɗaya. A Siri Lanka kuma, ana raba kaso mafi girma na guraben jami'a bisa gundumomi. Ban ce mu kwafo su yadda suke ba, kowanne yana da matsalolinsa. Amma ina tambaya: me zai hana jami'o'in jiharmu su ware wani kaso bisa makarantar da yaro ya gama, maimakon garin kakansa kaɗai?

To, ƙanena, ga amsarka, kuma amsar duk wanda yake irin matsayinka ce.

E, kana da dama, kuma ta fi ta kakanninmu nesa ba kusa ba. Amma ta fi ta sa'anka na birni ƙanƙanta, kuma ba don ya fi ka ƙwaƙwalwa ba. In ka san haka, ba za ka zargi kanka a banza ba, kuma ba za ka zauna jiran sa'a ba.

Abu na farko, jarrabawar kwalifayin da kuke yi a aji biyu, ka ɗauke ta da gaske, don da ita gwamnatin jiha take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Na biyu, ka san darussanka tun yanzu. Likitanci Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci kuma Lissafi ne yake shiga madadin Bayoloji. Yara da yawa sun ci maki mai kyau sun rasa gurbi saboda mai kafe ya cike musu haɗin da ba daidai ba. Na uku, sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da takardun makaranta. Na huɗu, ka nemi inda za ka taɓa kwamfuta kafin ranar, ko da sau biyar ne. Na biyar, kada ka rataya komai a kan kwas ɗaya. Akwai IJMB da ake shiga aji biyu na jami'a da ita, akwai kwalejojin jinya da na kiwon lafiya, a nan cikin Rano ma akwai reshen Kano Poli. In ka shiga kuma, shekarar farko ita ce mabuɗin duk wani sikolashif, kada ka yi wasa da ita.

Mu kuma yayye, namu ya fi nasu nauyi. Ƙanena ya wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba tare da kowa ya gaya masa ana jarrabawar shiga Dawakin Kudu ba. Har da ni a cikin masu laifin, ina can jami'a ina harkar gabana. Ƙofar da aka gina a 1977 saboda yara irinsa, ya wuce ta gefenta bai san tana nan ba. Don haka duk wanda yake da ƙani ko ƙanwa a wannan ajin, ya je ya tambayi lokacin da hukumar makarantun kimiyya da fasaha take fitar da fom. Wanda ya karanta Fiziks ko Lissafi yana zaune a gida yana jiran aiki, ga aji can babu malami, ko ranar Asabar ce kaɗai. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, kuɗin da muke kashewa a taron karrama manya zai biya wa yara da yawa rajistar JAMB da kuɗin mota.

Rano da Kibiya da Bunkure mazaɓar tarayya ɗaya ce, kuma tun 2024 masarauta ɗaya. Idan masu neman ƙuri'a suka zo suna lissafa mana yaran da suka biya wa fom, mu gode musu, sannan mu tambaye su: a makarantun sakandaren yankin nan, guda nawa ne suke da malamin Fiziks da Kemistiri na dindindin? A 2024 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, don haka tambayar ta zo a kan gaɓa.

Ni dai na yi wa ƙanena alkawarin duk ƙarshen wata zan je gida da kwamfutata, mu zauna da shi da abokansa. Wanda ya bi ta Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu ko Garko daga yankinmu, ya ba mu labarin yadda ya samu labarin jarrabawar, wataƙila wani yaro ya amfana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa mu zama masu riƙe musu tsani.